Shirin hutu, da yadda na tantance fim ɗin King Kong kafin yara su iso

Hutun ƙarshen shekarar nan a gidana za a yi shi. Yaya za ta zo da yaranta, ƙanwarmu ma ta ce za ta turo nata su kwana biyu, ga kuma nawa, to kun ga gida zai cika ke nan, daga mai shekara huɗu har mai sha huɗu. Ni wallahi ina son irin wannan cikar, sai dai duk wanda ya taɓa saukar yara da yawa lokaci guda ya san ba ranar da suka iso ake fara aiki ba, tun da sauran makonni ake farawa, in ba haka ba hutun zai ƙare ba ka zauna da kowa ba, kana ta faman neman filo da cajar waya.

Da wajen aiki na fara, don in dai ka bar ragowar aiki a tebur to zai biyo ka har gida ta waya. Abin da zai rufu na rufe, wanda ba zai rufu ba na rubuta wa abokin aikina bayaninsa dalla-dalla, inda na tsaya da wanda za a kira in wani abu ya taso. Sannan na dawo kan gida. Ɗakin da muke jibge tarkace shi za a ba maza, sai da muka fitar da komai ni da maman yara, kwalaye, tsohuwar fanka, takalman da suka yi wa kowa kaɗan, aka share aka goge aka bar taga a buɗe ɗakin ya sha iska. Katifu aka fitar rana, aka wanke zannuwan gado da barguna, muka ƙirga filo muka ga ba za su kai ba aka ƙaro. Wannan duk aikin ƙarfi ne, kana yi kana hira.

Wanda ya fi cin hankali shi ne zagayen da na yi a durƙushe. Da gaske nake, durƙusawa na yi daidai tsayin yaro ɗan shekara huɗu, na bi ɗaki-ɗaki ina duba abin da idonsa zai fara gani da abin da hannunsa zai kai. A nan ne za ka ga soket ɗin da murfinsa ya tsage a bayan kujera, da kwalbar maganin wanke banɗaki a ƙasan wajen wanke hannu, da ƙwayoyin magani a durowar gefen gado wadda ba ta da makulli. Duk na kwashe na kai sama na kulle. 'Yan ƙananan batiran nan zagayayyu fale-fale na cikin rimot ɗin sifika su na fi tsoro, don in yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale masa a hanyar abinci, cikin awa biyu kacal yana iya ƙona naman wajen, saboda haka na naɗe murfin rimot ɗin da salatif sosai. Talabijin ɗin ma na sa an ɗaure ta a bango, da a kan tebur take, kuma yaro in ya ga abin da ya burge shi a allo matsowa yake ya kama gefenta ya ja.

Ina cikin wannan sai babban ɗan Yaya ya kira ni da wayar mamansa.

"Kawu, wai an ce kai za ka zaɓi fim ɗin da za mu kalla?"

Na ce eh, ni ne.

"To don Allah Kawu kar ka sa mana katun, mun girma fa. Fim ɗin dodo muke so, ƙaton dodo wanda yake rushe gari."

Ina jin ƙannensa a baya suna ta ihu suna mara masa baya. Na ce masa na ji, amma sai na fara kalla tukuna.

Ƙa'idata ke nan, ba na kunna wa yaran mutane fim ɗin da ban zauna na kalla tun daga farko har ƙarshe ba, ko da na taɓa ganinsa a da, don abin da ka kalla kana saurayi kai kaɗai daban yake da abin da za ka kalla yarinya 'yar shekara tara na jingine da kai. Lambar shekarun da ake rubutawa a jikin fim tana taimakawa, amma ba za ta faɗa maka a wane minti abin yake ba, kuma ba ta san yaranka ba. Na yi ta juya finafinan dodanni a raina, Godzilla na nan iri-iri tun na farkon da Japanawa suka yi a 1954, ga kuma sababbin nan da ake haɗa dodo da dodo su yi ta dambe a tsakiyar gari, amma raina ya fi kwanciya da King Kong na 2005 wanda Peter Jackson ya yi, saboda na tuna akwai labari a cikinsa, ba rushe-rushe zalla ba ne. Da gida ya yi shiru na ɗauko littafi da biro, na sa abin ji a kunne, na kunna.

Abu na farko da na rubuta na ja masa layi biyu shi ne tsawonsa, awa 3 da minti 7. Dalilin da ya sa aka bar mutum ya yi fim ɗin dodo mai irin wannan tsawon ba ɓoyayye ba ne. Jackson, ɗan ƙasar Niyu Zilan, lokacin ya gama The Lord of the Rings ke nan, kashi na uku ma ya kwashe kyautar Oscar har 11, to wa zai ce masa ya rage? Fim ɗin na kamfanin Universal ya ci kusan dala miliyan 207, a lokacin ba a taɓa kashe wa fim kuɗi haka ba, aka sake shi a watan Disamba daidai lokacin hutu, ya kuma dawo da sama da miliyan 550. Shi kuwa abin tun yarinta yake ransa, yana ɗan shekara 9 ya kalli asalin King Kong na 1933 a talabijin, shi ne ma ya sa masa son harkar fim. Ya fara shirin nasa a 1996 kamfanin ya soke aikin, sai da ya yi suna aka dawo aka ce masa bismillah. Kana kallo kana ganin wannan son, mutumin ba ya son ya yar da komai, kuma a nan kyan fim ɗin yake, a nan matsalarsa take.

Labarin a Niyu Yok ya fara, shekarar 1933, lokacin karyewar tattalin arziki, mutane ba aiki, an rufe gidan wasan da Ann Darrow take yi wa wasan barkwanci ba a ma biya su ba. Naomi Watts ce ta fito a Ann. Sai ga Carl Denham, wato Jack Black, mai shirya fim wanda masu zuba masa kuɗi suka gaji da shi, ya samo taswirar wani tsibiri da ba wanda ya san da shi, ya yaudari kowa da kowa ya cusa su jirgin ruwa, har da marubucinsa Jack Driscoll, wato Adrien Brody, wanda bai yi niyyar tafiya ba, jirgi ya tashi da shi, ɗakin kwana ma bai samu ba sai kejin dabbobi a can ƙasa. Ni na ji daɗin wannan ɓangaren sosai, musamman yadda aka nuna Denham, mutum mai zaƙin baki wanda duk wanda ya mutu a tafiyar sai ya ce saboda shi za a ƙarasa fim ɗin, kuma za a ba iyalinsa kuɗin, ya faɗa a kan na farko ya sake faɗa a kan na biyu da kalmomi kusan iri ɗaya. Amma fa dodon bai fito ba sai bayan awa ɗaya da 'yan mintoci. Yaron da aka yi wa alkawarin dodo ba zai zauna awa guda yana kallon mutane na hira a jirgi ba sai in an shirya shi, don haka na rubuta: a faɗa musu tun farko, kuma a bar su su yi ta tambaya a wannan awar.

Da aka iso tsibirin ne na fara ajiye biro ina dakatar da fim ɗin. Hazo, duwatsu, wata ƙatuwar ganuwa, duk an yi su da kyau, amma mutanen tsibirin abin ya dame ni ƙwarai. An yi su baƙaƙe wuluk, jajayen idanu, haƙora a fiƙe, ba mai magana ta hankali a cikinsu, ba uwa mai rarrashin ɗanta, ba tsoho mai tunani, kisa kawai da kururuwa. A 1933 aka yi irin wannan za ka ce zamanin ne, amma a 2005, da duk wannan kuɗin da wannan ƙwarewar, an iya zama an ba gwaggon biri zuciya da tarihi amma ba a iya ba mutane ko kaɗan daga ciki ba. Akwai dai mataimakin kyaftin ɗin jirgin, baƙar fata ne, kuma shi ne ya fi kowa nutsuwa da mutunci a tafiyar, na yaba da wannan, sai dai bai wanke wancan ba. A littafina na rubuta abu biyu a nan: akwai kisa da mashi da kulki wanda ƙanana ba za su gani ba, sannan manyan zan dakatar in tambaye su me suka lura da shi game da yadda aka nuna mutanen nan. Ba na son su haɗiye shi haka kawai ba tare da wani babba ya ce musu wannan ba daidai ba ne.

Sai Kong ya fito, kuma gaskiya daga nan na manta da agogo. Abin da ya kama ni ba girmansa ba ne, duk da an ce ƙafa 25 ne tsayinsa, fuskarsa ce. Tsoho ne, bayansa ya yi furfura, jikinsa duk tabo, muƙamuƙinsa ya ɗan karkace alamar ya taɓa karyewa ya warke a haka, haƙori ɗaya ya leƙo waje, ga ciki irin na dabbar da ganye take ci. Da hannu huɗu yake tafiya a kan gaɓoɓin yatsunsa yadda gwaggon biri na gaske yake yi, ba a miƙe irin na mutum ba. Akwai wurin da Ann ta ga ba ta da mafita sai ta fara yi masa wasan da take yi a dandamali, tana rawa tana faɗuwa da gangan tana cilla duwatsu sama tana cafewa, shi kuma da farko ya ɗaure fuska, sai ka ga gefen bakinsa ya motsa, sai ya sa yatsa ya ture ta ta faɗi, abin ya ba shi dariya, ya sake turewa, ya sake, har ta gaji ta daka masa tsawa ta ce ya isa. Nan ya hau fushi yana farfasa duwatsu yana dukan ƙirji, dutse ya faɗo masa a ka, sai kunya ta kama shi, ya kau da kai ya ƙi kallonta kamar tsohon da jikarsa ta faɗa masa gaskiya a gaban mutane, ya tashi ya tafi abinsa. Duk wannan ba kalma ko ɗaya daga bakinsa, amma ba abin da ba ka gane ba. Na mayar da wurin baya na sake kallo, ina duba idanun kawai.

Mutum ne a bayan wannan fuskar, Andy Serkis, wanda ya fito a wata halitta mai suna Gollum a The Lord of the Rings na Jackson. Kafin a fara aiki ya daɗe yana zama da gwaggon birai a gidan zoo na Landan, sannan ya tafi Ruwanda ya ga na kan duwatsu a dajinsu, yadda suke zama, yadda suke kallon gefe in ba sa son rigima, da irin gurnanin da suke yi in hankalinsu a kwance yake. Da aka zo ɗauka sai a manna masa ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a jiki da fuska, kyamarori su ɗauki motsin kowane ɗigo, sannan ma'aikatan kamfanin Weta a Wellington su ɗora wannan motsin a kan birin da suka gina a kwamfuta, su gyara da hannu inda fuskar mutum da ta biri suka bambanta. Ko lokacin da ake ɗaukar Naomi Watts yana wajen, a saman wani abin hawa daidai inda idon Kong zai kasance, don ta samu idon da za ta kalla. Shi ya sa in tana kallonsa ba ka jin tana kallon iska. A ganina inda kuɗin nan ya yi amfani ke nan, kuma ban yi mamaki ba da fim ɗin ya ci Oscar 3, ɗaya na haɗa hoto da kwamfuta, biyu na sauti.

Ba ko'ina kuɗin ya yi amfani ba kam. Akwai wurin da dainoso masu dogon wuya suka yi tururuwa a wani kwazazzabo mutane na gudu a tsakanin ƙafafunsu, ya yi tsawo, kuma a talabijin ta yanzu kana gani ƙarara cewa mutanen a wani waje suke gudu aka liƙa su a hoton. Yara za su so shi, ni dai bai shige ni ba. Amma faɗan Kong da dainoso uku masu cin nama, kai, wannan ya yi. Yana faɗa yana riƙe da Ann, ya cilla ta daga hannu zuwa ƙafa, daga ƙafa zuwa hannu, su faɗa rami su maƙale a jijiyoyin itatuwa suna lilo ana ci gaba da cizo, har a ƙarshe ya kama bakin na ƙarshen ya ɓare shi. Akwai ƙarar karyewar ƙashi a nan da za ta sa wasu su runtse ido, na sa alama, amma ban ga dalilin cirewa ba.

Wanda na yanke hukuncin cirewa ba tare da dogon tunani ba shi ne ramin ƙwari. Mutanen jirgin sun faɗa wani rami mai zurfi, suna farfaɗowa sai abubuwa suka fara fitowa daga bango da cikin taɓo, manyan gyare, wasu masu ƙafafu barkatai, da wasu tsutsotsi masu baki zagaye da haƙora waɗanda suka kama kukun jirgin, suka haɗiye hannunsa, sannan ɗaya ta sauko masa a ka a hankali yana ihu a cikinta. Serkis ɗin ne ma ya fito a kukun. Abin da ya sa wurin ya fi tsoro shi ne an rage kiɗa ya koma can ƙasa-ƙasa, kana jin motsin ƙafafunsu da numfashin mutane. Ni babba sai da tsigar jikina ta tashi. A Amurka an ba fim ɗin lambar da ke cewa iyaye su yi hattara da 'yan ƙasa da shekara 13, kuma ina ganin wannan ramin na cikin manyan dalilai. Na rubuta daidai inda ya fara da inda ya ƙare.

Washegari na nemo na 1933 ɗin na kalli wasu wurare, don ina son in ga abin da ya kama yaro ɗan shekara 9 har ya bi shi tsawon rayuwa. Merian C. Cooper da Ernest Schoedsack ne suka shirya shi, baƙi da fari ne, kuma Kong ɗin 'yar tsana ce mai tsayin inci 18 zuwa 24, ƙarfe a ciki, gashin zomo a waje. Willis O'Brien da mutanensa su motsa ta kaɗan su ɗauki hoto ɗaya, su sake motsawa su sake ɗauka, hoto 24 ne ke ba da daƙiƙa ɗaya, ka ga minti guda hoto 1,440 ke nan. In ka lura za ka ga gashin jikinsa na ta motsi shi kaɗai, sawun yatsun masu motsa shi ne. A wancan ma an ɗauki wurin ramin ƙwari amma aka yanke shi kafin a saki fim ɗin, har yau kuma ba a gano inda yake ba. Na yanke shawarar zan nuna wa yaran minti biyar daga ciki kafin mu fara, su ga inda aka faro.

Kashi na ƙarshe shi ne ya fi min nauyi. An bugar da Kong da kulorofom, wani maganin sa barci, an kai shi Niyu Yok, an ɗaure shi da sarƙa a dandamali masu kuɗi sun sha ado sun zo kallo. Yadda yake zaune a wurin, kai a sunkuye, ana ɗaga hannuwansa da injin don mutane su tafa, wallahi ya fi ramin ƙwarin ciwo. Ya tsinke, ya yi ɓarna a gari yana neman Ann, ita kuma da ƙafarta ta zo wajensa. Akwai ɗan wurin da suka samu tafkin da ya daskare a cikin lambun Central Park yana ta zamewa a kan ƙanƙara yana juyi da ita a hannu, fitilu a jikin bishiyoyi, wasu na cewa wurin ya yi zaƙi da yawa, ni kuwa ina ganin ba don shi ba abin da ya biyo baya ba zai yi zafi haka ba. Sojoji suka buɗe wuta, ya hau benen Empire State, wanda a 1931 aka gama shi, hawa 102, lokacin ba ginin da ya kai shi tsawo a duniya, gari na wayewa jiragen yaƙi suka zo. Titunan nan duk a kusa da Wellington aka gina su, hawan ƙasa kawai, sauran birnin kwamfuta ce ta ƙarasa, amma da kyamara ta leƙa ƙasa daga saman benen sai da na riƙe hannun kujera. A ƙarshe Denham ya tsaya a kan gawar ya ɗora laifin a kan kyan mace. Ni ban yarda ba ko kaɗan. Shi ya je ya ɗauko dabba daga inda take ya kawo ta don a biya kuɗin kallo, kuma ina fata yaran su gane haka da kansu.

Na kira Yaya na karanta mata abin da na rubuta. Ta saurara har na gama sannan ta ce, "To shi birin mutuwa yake yi?"

Na ce, "Eh Yaya, kashe shi suke yi."

"Ka san halin 'yar nan tawa, ko kyanwa ta gani a ruwan sama sai ta yi kuka. Ba za ka tsayar kafin wurin ba?"

Na ce, "Yaya ki yi haƙuri, wannan kam ba zan cire ba. Ramin ƙwari tsoro ne kawai, ba abin da za ta ɗauka a ciki sai mugun mafarki. Amma in ta yi kuka don an zalunci dabba, ai kukan da ya dace ne, kuma ina kusa da ita."

Ta yi shiru kaɗan sannan ta ce to shi ke nan, amma in zaunar da ita kusa da ni, kuma kar a kashe fitila duka. Na ce an gama.

Tsarin da na tsayar shi ne za a raba shi dare biyu. Daren farko daga Niyu Yok har ƙarshen faɗan dainoso, inda Kong ya ɗora Ann a kafaɗa suka tafi, wajen awa biyu saura ke nan, kuma wuri ne mai kyau na tsayawa don kowa zai kwanta da murna. Abin daɗin shi ne ramin ƙwarin na biye da wurin kai tsaye, don haka dare na biyu sai in fara daga bayansa, in faɗa musu da baki cewa wasu sun mutu a ramin wasu an ceto su, ba sai na yi ta laluben rimot a tsakiyar kallo ba. 'Yan ƙasa da shekara tara ba sa ciki gaba ɗaya, su katun ɗinsu daban a ɗakin maman yara, kuma za a fara nasu da wuri don kar su ji an ware su.

Falon ma sai da na gwada shi. Na ja kujeru baya na shimfiɗa katifa ɗaya a ƙasa, na zauna a kowane gefe don in ga ko akwai inda hasken fitila ke dukan allo. A saitin talabijin na kashe abin nan da ke sa motsi ya yi santsi fiye da kima, don shi ne ke ƙara tona asirin wuraren da aka haɗa da kwamfuta. Sauti shi ya fi ba ni aiki, finafinan nan an yi su ne don sinima, magana can ƙasa, ruri kuma ya tashi unguwa, in ka ƙara don ka ji hira sai Kong ya buɗe baki kowa ya zabura. Akwai saitin dare a sifikar wanda ke ɗaga ƙaramin sauti ya danne babba, shi na kunna, na kuma sa rubutun ƙasan allo tunda na san surutu ba zai bari a ji komai ba. Ƙaramar fitila ɗaya na ajiye a bayan kujera saboda alkawarin da na yi wa Yaya.

Har amsar tambaya na tanada, don na san mai sha huɗun nan sai ya tambaya ko za a iya samun biri mai wannan girman. Babban namijin gwaggon biri yana kai kilo 180 ko sama da haka kaɗan. In ka ninka tsayinsa da faɗinsa da kaurinsa sau huɗu, nauyinsa sau 64 zai ninku, ya haura tan goma ke nan, amma kaurin ƙashin da zai ɗauki nauyin sau 16 kawai zai ƙaru. Wato kowane ƙashi zai ɗauki ninki huɗu na abin da ya saba, tsalle ɗaya irin na fim ɗin ƙafa za ta karye. Shi ya sa giwa ƙafafunta suke miƙe masu kauri kuma ba ta tsalle. Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya yi bayanin wannan tun 1638. Na ajiye ƙananan kwalaye 'yan daidai guda takwas daga cikin tarkacen da muka fitar, in ya tambaya sai in ba shi ya jera biyu-biyu ta kowane gefe ya gani da idonsa yadda ninki biyu ke zama takwas.

Yanzu abin da ya rage labulen falo ne da ba ya tare hasken waje sosai, sai ƙwan fitilar baranda da ya mutu, sai kuma in tabbatar da lokacin isowarsu don in je tarba. Ɗazu yaron ya sake turo saƙo ta wayar mamansa, wai Kawu ka samo? Yana rushe gari? Na ce masa na samo, yana rushewa, amma sai dare na biyu.